Rijiyar Alhaji Shitu

Abdulbaƙi bai taɓa yi wa kowa allura ba, amma a Agege Dakta ake ce masa. Aikinsa bin sawun annoba: ina ta faro, wa ta kama, wa ta tsallake. Ya karanta a Ibadan, ya ƙaro a Turai, wata ƙungiyar bincike ta ɗauke shi. Da amai da gudawa ya ɓarke a unguwarsu, shi aka turo, tunda ɗan gida ne.

Gida-gida ya bi yana tambaya: ina kuke ɗibar ruwa? Masu shan ruwan leda lafiyarsu ƙalau. Waɗanda ke kwance, mahauta da 'yan dako da iyalansu, bakinsu ɗaya: rijiyar Alhaji Shitu.

Alhaji Shitu ubansa ne, dillalin shanu. Kafin ya rasu ya haƙa ta a bakin masallaci, sadaka, don lada ya riƙa iske shi a kabari. Abdulbaƙi ya kai ruwan gwaji, ya sake kaiwa, ko Allah zai sa a ƙaryata shi. Ba a ƙaryata shi ba. Salgar maƙwabta ce ta tsage tana yoyo ciki.

Ya sami Baffa Hamidu, ƙanen mahaifinsa, a ƙofar gida.

"Baffa, rufe ta za a yi. Kuma sai an yi shela."

"Rijiyar wa?"

Abdulbaƙi ya kau da kai.

"Faɗi mana, Dakta. Turanci ba ya maka nauyi a baki, sai sunan ubanka?"

"Jiya aka binne 'yar Ramatou mai koko."

"Allah ya jiƙanta. Zuba wa rijiyar magani, ka ja bakinka. Kowane guga lada ne ga yayana. Shanun kun cinye a boko, wannan kaɗai ta rage masa."

"Ruwan na cikin jarkoki a gidajen mutane, Baffa. In ba su ji ba, sha za su yi."

"To je ka tona asirin ubanka."

Bayan la'asar ya karɓi lasifikar masallaci. Ya nemi wani sunan da zai kira rijiyar da shi, babu. Ya faɗa da Hausa, ya faɗa da Yarabanci. Aka zubar da ruwa, aka daɓe bakin rijiyar da siminti. Annoba ta lafa.

Rahotonsa ya fito a mujallar Turawa. A ciki "wata rijiya" kawai ya rubuta. Aka yaba, aka ba shi kujera a Jeniba, can Turai. Da ya je sallama, mahaifiyarsa ta ce Allah ya kiyaye hanya, idonta na kan shinkafar da take tsincewa.

Da safen tafiyarsa ya tsaya wurin mai shayi yana jiran mota. Wani direban danfo, motar haya, ya ajiye kofi, ya zabura da buta, dafe da ciki.

"Oga, a hankali!" in ji mai shayi. "Ko Shitu ne ya kama ka?"

Benci ya kwashe da dariya.

"Me ka ce?" in ji Abdulbaƙi.

Wani maigadi, baƙo daga Nijar, ya matsa masa wuri. "Haka ake ce wa zawo a nan, Malam. Ni ma tarar da shi na yi. Ko wane ne Shitun, oho."

Motar ta iso. Ya ɗauki jakarsa.