Masu Sauran Ƙarfi

Ran da za a kwantar da maigidan a asibiti, ya yi ta nanata wa matarsa yawan abincin da za ta watsa wa kifi, sai ka ce ba ta taɓa ciyar da mai rai ba. Tafkuna biyu ne a bayan gidan. Ƙaramin na 'ya'yan karfasa ne, babban kuwa na manya, su ne abin da iyalin za su dogara da shi har ya tashi.

Ba a jima ba ƙananan suka daina cin abinci. Suna goga jiki da bangon siminti, suna taruwa a bakin famfo baki buɗe, wani farin yauƙi ya lulluɓe su. Da safe ta tarar da gawarwaki sun yi fari fat a kan ruwa.

Ta yi abin da kowace uwa za ta yi in ciwo ya shigo ɗakin yara. Ta ɗauki raga ta tsamo masu sauran ƙarfi, ta juye su a babban tafki don su tsira. Sannan ta kira likitan dabbobi.

Likitan mutum ne mai sanyin jiki, irin wanda zai sa ka hawan jini. Ya kankare yauƙin wani kifi, ya ɗora a gilashi, ya sa a madubinsa mai ƙara girman abu.

"Zo ki gani, uwargida."

Ta leƙa. Wasu 'yan halittu ne kamar faifai, suna ta juyawa ba hutu.

"Su ke cin fatarsu da inda suke numfashi," in ji shi. "Wanda kika ga kamar lafiyarsa lau ma yana ɗauke da su. Amma ku gode Allah, a nan kaɗai abin ya tsaya. Ko jiƙaƙƙiyar raga kada ta taɓa wancan ruwan."

Ta juya ta dubi babban tafkin.

"Likita, in an riga an zuba wasu a can fa?"

Ya ɗago ya dube ta. Ya ɗauki sabon gilashi ya nufi babban tafkin, wannan karon har da sauri.

Wayarta ta yi ƙara a cikin zani. Maigidan ne, muryarsa a shaƙe.

"Sannu da fama. Manyan dai lafiya, ko?"