Irin Masarar Gidan Dzul

Irin masarar da gidan Eusebio Dzul suka tanada don shukar bana ya dahu a tukunya ranar Laraba da yamma, ana gobe za a fita gona. Wadda ta dafa shi 'yarsa ce Sebastiana, mai shekara tara, wadda kowa a ƙauyen Sakpich ke kira Chana.

Girki ba aikinta ba ne. Innarta tana asibitin gari da jaririn da ta haifa bakwaini, sai tukunya ta dawo hannunta. Kowace yamma takan tafasa masara a ruwan farar ƙasa har ɓawon ya saki, ta bar ta ta kwana, da safe a wanke a kai inji, Kaka ta gasa waina. Ran nan Kaka ta ce a cika babbar tukunya, domin maƙwabta za su zo gayyar shuka.

Da ma iri a rataye yake saman murhu, inda hayaƙi ke korar ƙwari. Chana ba ta san Baba ya sauke shi da safe ya murje ba. Buhu biyu ta tarar a jingine. Ta buɗe na kusa, ta ga ƙwaya manya, jajaye, babu ko ɗaya mai huda. Don a fita kunyar baƙi, ta juye shi duka.

Da gari ya waye Kaka ta sa hannu a tukunya, ta ɗebo, ta daɗe tana kallo.

"Chana, zo nan. Daga wane buhu?"

"Na kusa da murhu, Kaka."

Kaka ta ɗaga kai ta dubi rufi. Igiyoyi ne kawai ke reto.

Yayanta Marcelino ya leƙo. "To, sannu uwar gida. Yau za mu cinye gonar bana a zama ɗaya."

"Rufe mana baki," in ji Kaka. "Kai da ko ruwan zafi ba ka iya dafawa."

Chana ta tsaya jikin bango tana jiran Baba ya ɗaga murya. Bai ɗaga ba. Ya murza ƙwaya ɗaya tsakanin yatsunsa, ta narke. Wannan jar masarar daga ubansa ya gaje ta, ita ce ke jure dutsen gonarsu, kuma babu mai ita a ƙauyen sai shi. Maƙwabta sun riga sun shuka nasu. Kawu Anselmo, da ya zo gayya, ya ce akwai irin kanti, amma sai da taki, kuma ba ya son dutse.

"Baba," Chana ta ce, "akwai na talotalo."

In ana murje iri, ƙwayar tsakiyar zangarniya kaɗai ake ɗauka. Ta kai da ta gindi, ƙanana da karkatattu, abincin dabbobi ne. Jiya Marcelino ya miƙa mata su a ƙwarya ya ce ta ba talotalo. Rabi ta watsa musu.

"Ba a shuka wannan," in ji Kaka. "Tsiya tsiya take haifa."

"Inna, jininsu ɗaya da wadda aka dafa," in ji Eusebio. "Ke kuma Chana, ɗauko ƙwaryar."

'Yan gayya sun ci wainar, babu wanda ya yaba daɗinta. Suka shuka abin da ke ƙwaryar a kusurwar gabas, ƙwaya uku a rami maimakon biyar. Bai kai rubu'in gonar ba. Ko ya fito, ba zai ciyar da gidan ba. Irin baɗi kawai ake nema.

An yi ruwa sau ɗaya, ranar Asabar. Tun daga nan Chana ke bin Baba gona kowace safiya, tana bin ramukan ɗaya bayan ɗaya. Masara takan tsiro a kwana biyar. Yau kwana shida da ruwan, a ramuka goma sha ɗaya ne tsiro ya fito.