Shaidun Lailatu

Duk Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa, babu matar da ba ta san Lailatu Nas ba. Ita ake kira idan naƙuda ta zo da gardama, ita ake kai wa maganin asibiti ta faɗi yadda ake sha. Da ta koma jami'a neman digiri na biyu a aikin jinya, mata suka sa ta a gaba da tsiya, wai sokin allurar da take yi musu bai ishe ta ba, sai ta zama farfesa.

Binciken da ta zaɓa shi ya jawo mata. Ta ce za ta yi rubutu a kan matan aure masu yin allurar tazarar haihuwa ba da sanin mazajensu ba. Da baƙo ne ya zo da wannan tambayar, ko ruwa ba zai sha a gidan kowa ba. Lailatu kuwa 'yar gida ce, a unguwar aka yanke mata cibiya. Suka buɗe mata cikinsu, wata a bakin murhu, wata ana yi mata kitso, amma da sharaɗi: ba ɗaukar murya, ba sa hannu, ba suna. Suna da gaskiya, don a Sabo idan murya ta shiga waya da safe, kafin la'asar an ji ta a tashar Ojoo. Ta rantse musu da Allah. Malamin da ke duba aikinta, Dakta Adebimpe, ya ce ta ci gaba, zai sanar da hukumar sashen wannan sharaɗin. Bai sanar ba. Kafin ta gama ya samu aiki a ƙasar waje ya yi gaba abinsa, lambarsa ma ta daina shiga.

Da ta miƙa aikin, aka kira ta gaban kwamitin ladabtarwa. Shugabar kwamitin dattijuwa ce mai sanyin murya, kuma abin haushin ba muguwa ba ce, balle mutum ya samu wanda zai tsana.

"Babu murya, babu sa hannu," in ji ta. "Ta yaya za mu san ba a ɗakinki kika zauna kika ƙirƙiro matan nan ba? An taɓa yi mana haka. Amma kina da haƙƙin kare kanki. Ki kawo mana ko uku daga cikinsu, mu ji daga bakinsu."

"Yawancinsu aure ya kawo su daga Arewa, ba sa jin Turanci, Yarbancin ma kaɗan. Ni zan fassara?"

"Ke ake tuhuma. Muna da mai fassara, Malam Yahya na ofishin rajista. Ai ɗan unguwarku ne."

Ɗan unguwarsu ne kam. Sahu ɗaya yake sallah da mazajen matan nan, kuma magana ba ta kwana a cikinsa. Lailatu ta roƙa a nemo mace daga wani gari, aka ce doka ta ce ma'aikacin makaranta. Ta fito tana ji kamar ta zauna a bakin titi ta yi ta kuka.

Mutum ɗaya ta san ba za ta ce mata a'a ba, wato Safara'u, matar Maliki mai albasa a kasuwar Bodija. A haihuwarta ta ƙarshe jini ya ɓalle mata har aka fid da rai, Lailatu ce ta tsaya a kanta. Likita ya ce wani cikin zai iya zama ajalinta. Maliki ya ce likita ba Allah ba ne. Tun daga nan Lailatu ke zuwa duba ta, ta yi mata allurar a uwar ɗaka idan lokaci ya yi.

Ta tarar da Maliki a ƙofar gida yana sauke buhu daga bayan babur.

"A'a, Nas! Ẹ káàbọ̀. Sannu da zuwa. Dama ina nemanki. Abeg, don Allah ki samo wa 'yar'uwarki maganin haihuwa mai kyau. Yaron nan har ya shiga makaranta, shiru kake ji."

"Allah ya kawo masu albarka, Alhaji," ta ce, ta wuce ciki.

A ɗaki ta gaya wa Safara'u komai, ba ta rage ba. Safara'u ta kalli yaranta da ke cin ɗanwake a tsakar gida. Can ta miƙe ta ciro hijabinta daga ƙusa.

"Yaya Lailatu, mu je. Ke kika tsaya min ranar da na ga mutuwa. In ya sake ni..." Ta sake kallon yaran. "Mu je kawai."

Lailatu ta karɓi hijabin ta mayar da shi kan ƙusa. Ta ce ta bari, za ta sami wata hanyar. Su biyun sun san babu wata hanya.

Ranar zaman an jera kujeru uku a gefenta don shaidu, har da ruwan gora a gaban kowace. Malam Yahya ya sha babbar riga ya zauna yana jiran aikin da bai zo ba. Shugabar ta tambaye ta ko tana da abin cewa. Ta ce matan suna nan da ransu, ta san ɗakin kowace, amma ta yi musu alkawari. Wani daga cikin malaman ya ce alkawari abu ne mai kyau, sai dai kwamiti hujja yake nema. Aka soke binciken, aka sallame ta daga makarantar bisa laifin ƙirƙirar bayanai. An kuma tuna mata cewa tana da haƙƙin ɗaukaka ƙara, idan ta samo shaidu.

Labarin ya riga ta isa gida. Malam Yahya ya kai shi masallaci da ɗuminsa. Maza suka yi ta dariya, har da masu hamdala: ashe ƙarya ce, ashe matan Sabo ba sa irin wannan abin. Matan kuwa in sun haɗu da ita a lungu sai su sunkuyar da kai. Wata tsohuwa ta kama hannunta ta matse, ta sake.

Da lokacin allurar Safara'u ya yi, Lailatu ta saka ta a jaka ta nufi gidan kamar kullum. Maliki na zaune a kan benci. Wannan karon bai miƙe ba.

"Nas, wai ke kika je kika gaya wa Yarbawa matanmu na allura a ɓoye? Ṣebí ƙarya kika shirya, ko ba haka ba?"

Labulen ɗakin Safara'u ya ɗan motsa. Lailatu ta san tana tsaye a bayansa, tana ji.

"Ƙarya ce, Alhaji," ta ce. "Ni na ƙirƙira."

"To Allah ya shirye ki. Amma mai yi wa matan mutane ƙazafi ba za ta ƙara shigar min gida ba. Oya, sai anjima."

Ta ɗan tsaya riƙe da jakar. Tsakaninta da ɗakin bai fi tsawon tabarma ba. Maliki ya juya ya ƙwala wa Safara'u kira, ya ce ta kawo masa ruwan alwala, kuma ta shirya, gobe zai kai ta wurin wani mai maganin haihuwa a Akinyele.