Furen Ya Asta, Kallon Hajja Sabuwa

Shekara talatin Ya Asta tana shuka kuɓewa a gindin katangar gabas ta gidanta da ke Gashuwa, daidai inda ruwan alwala yake gangarewa. Duk abin da za a shuka a gidan nan, wurin ake kai shi, ba a ma shawara. To ana nan sai jikarta Bushra ta zo daga Nguru da wata 'yar takarda mai hoto, cikinta iri kamar 'ya'yan kankana. Furen nan ne mai bin rana, amma ba rawaya kaɗai ba. Akwai ja wur, akwai ruwan goro, har da wani mai duhu kamar an jiƙa zoɓo.

Ya Asta ta dubi hoton, ta sake dubawa, shi ke nan fa ya shiga ranta. Ta ce bana ba kuɓewa.

Mijinta Baa Modu, wanda ya tsufa a noman fadama, ya murza ƙwaya ɗaya a tafin hannu ya ce, "Ana miya da shi?"

"Ba a yi."

"Akuya tana ci?"

"Ranar da ta ci shi, ranar za mu ci ta."

Ya ɗauki hularsa ya fita.

Sai dai akwai Hajja Sabuwa, maƙwabciyar da ke bayan wannan katangar. Tun suna amare suke tsokanar juna, kowacce ta taka turmi ta leƙo. Ran shuka ta leƙo kuwa.

"Ya Asta, me nake ji? Wai kin kori kuɓewa kin kawo abin kallo? Da rani sai ku riƙa cin tuwo da hoto."

"Ki yi dariyarki, Hajja. Wallahi sai kin tako da ƙafarki kin shigo gidan nan kallo. In ba ki zo ba, a sake mini suna."

Mata uku ne a tsakar gidan Hajja Sabuwa ranar suna surfe, duk sun ji. Kafin la'asar unguwa ta ji.

Wahalar da Ya Asta ta sha a kan shukar nan, ko goyo albarka. Ta tona rami rabin yatsa, ta bar taku ɗaya tsakanin kowanne, ta zuba kashin awaki wanda ya sha rana. Kaji suka tone layin farko, ta sake shukawa ta rufe da tsohuwar komar kamun kifi ta Baa Modu. Da aka yi kwana tara ba ruwan sama, da buta ta riƙa bin su ɗaya-ɗaya tana yi musu magana. Su kuma suka saka mata da alheri. Suka yi ta tsawo, da safe su kalli gabas, da yamma su juyo su kalli ƙofar ɗakinta, har suka wuce katanga da kamu guda.

Wata biyu da 'yan kwanaki, rannan da hantsi, sai ta ji guɗa daga gidan Hajja Sabuwa. Ta fito da sauri. Furanni sun buɗe, manya-manya kamar faifai, amma ita ƙeyarsu kawai take gani, kore fatau. Duk sun leƙa gidan maƙwabta.

Ta ce ba komai, da yamma za su juyo kamar kullum. Ta shimfiɗa tabarma ta zauna. La'asar ta yi, rana ta tafi yamma, ko ɗaya bai waiwayo ba.

Baa Modu ya tsaya ya daɗe yana dubansu, sannan ya ce, "Ai kuwa sun girma. Da suna yara suna ta waige-waige, yanzu sun kama alƙibla sun tsaya. Ni dai ba zan hana bawan Allah kallon gabas ba."

"Malam, ka fita mini daga ido."

Washegari ta ɗaure wuyan mafi jan cikinsu da igiya, ta ja shi ta ɗaure a turken akuya. Wuyan ya yi ƙas, ya langaɓe. Ta kwance igiyar tana salati. Ta kira Bushra a waya, Bushra ta ce, "Wayyo Kaka, ai in sun buɗe gabas suke tsayawa! Da bangon yamma kika shuka."

"Sai yanzu kike gaya mini, 'yar nema?"

Kwana huɗu tana jin hayaniya ta bayan katanga. 'Yan mata suna ɗaukar hoto. An kawo wata amarya tun daga unguwar Katuzu ta tsaya a gabansu. Muryar Hajja Sabuwa kuwa har waje: "Ku yi a hankali, kada ku taɓa mini su. Ba ƙaramar wahala muka sha ba."

Muka sha! Ya Asta ta kusa haɗiye goronta. Ta taka turmi don ta leƙa, ganye ya tokare mata fuska, ba ta ga komai ba sai kunnen fure.

Ran na biyar ta kasa daurewa. Ta yafa mayafi, ta fita, ta zaga, ta yi sallama a ƙofar Hajja Sabuwa da ƙafarta. Ta shirya baƙar magana tun daga gida, amma tana ɗaga kai maganar ta ɓace. Ga su nan jere a saman katanga, ja da ruwan goro da ruwan zoɓo, ƙudan zuma na ta shawagi, sun fi na hoton kyau nesa ba kusa ba. Ta tsaya baki buɗe.

Hajja Sabuwa ta gyara mata tabarma. "Maraba da baƙuwa. Kallo aka zo? Zauna, ba ma hana kowa. Wane suna za mu sa miki?"

Matan gidan suka fashe da dariya. Ya Asta ma ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara.

"Ki sa duk wanda kika ga dama. Amma tunda ke kike cin furen, ni zan ci kuɓewarki."

Ta miƙe ta ɗauki ƙwarya a bakin randa, ta nufi kuɓewar da Hajja Sabuwa ta shuka a tsakar gida ta fara tsinka, tana zaɓen matasa.

"Ke, Ya Asta, ta miyar dare ce!"

"Ku ci tuwo da hoto," in ji ta, ba ta ko juyo ba.