Hannun Clovis Renfro

Ni dai saboda hannunsa na dama na auri Orval Tackett, kuma ban taɓa ɓoye masa ba. Ba kyau gare shi ba, ba baki. Sai ka yini da shi bai yi maka magana goma ba. Amma in ya zauna gaban jitarsa ta feda, irin mai ƙafafu huɗu da ake zama a gabanta kamar keken ɗinki, sai ka ji mutumin nan ya zama sarkin surutu. Hagu ta zamar da sandar ƙarfe a kan tsirkiyoyi, ƙafa ta danna feda, wannan duk makaɗi ya iya. Abin yana hannun dama. Orval kan tsinki tsirkiya da faratan ƙarfen da yake sawa a yatsu, nan take ya sauke gefen tafinsa ya kashe ta, sautin ya fito guntu-guntu yana tsalle. Ko wanke-wanke nake, in na jiyo shi daga falo sai na tsinci kaina ina murmushi.

Clovis Renfro ya rasu lokacin shukar auduga. Shekara ashirin da wani abu shi ke kaɗa jitar feda a ƙungiyar Hoyt Birdsong, wadda rediyon garinmu ke ɗauka kowace Asabar da rana daga zauren da ke bayan kantin abincin dabbobi. Duk yammacin Texas an san kukan jitarsa. Bayan an binne shi, Hoyt ya zo gidanmu da hula a hannu.

"Kujerar Clovis taka ce, Orval, in kana so. Sai dai matarsa Opal ta roƙi alfarma, wai da jitarsa za ka kaɗa."

"Ina da tawa," in ji Orval.

"Wa ya ce ba ka da ita? Tsohuwar nan fa ido ya tafi, kunne kawai ya rage mata. Yi mata wata ɗaya mana, me zai ragu a jikinka?"

Orval bai iya cewa a'a ba, ko ga kare. Washegari aka sauke mana akwatin jitar.

Ranar gwaji na farko abin ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tausayi. Tsirkiyoyin jitar Orval a warwatse suke, na Clovis kuwa a matse. Yatsun da suka saba da fili sai su faɗa tsakanin tsirkiya biyu, ko su kwaso biyun tare. In ya sauke tafi zai kashe ɗaya, sai ya kashe uku. Ga abin ɗaukar sautin ya yi tudu, faratan suna ta ƙwanƙwasa shi. Dub Pruitt mai ganga ya leƙo ta kan gangunansa.

"Kai Orval, kiɗa kake ko fige kaza?"

"Bar ni, Dub."

"A'a, tambaya ce. In kaza ce a ajiye mini cinya."

Orval ya dawo gida bai ci waken da na dafa ba. Ya ɗauki filaya ya dinga lanƙwasa faratansa, ya gwada, ya sake lanƙwasawa. Ya ɗaga wuyan hannu sama, ya dunƙule yatsu, ya matsa hagu kaɗan. Mako ya zagayo yana fama. Can wata rana ya kira ni.

"Verna, zo ki ga wani abu."

Ya nuna mini wani ɗan wuri a gefen jitar inda fenti ya goge har itace ya fito, bai fi girman ƙwayar masara ba. Nan Clovis yake kafa ƙaramin yatsansa. Orval ya ɗora nasa a wurin, sai sauran yatsun suka zauna daidai kan tsirkiyoyi kamar an auna. Daga ranar ya daina kashe sauti da tafi, don daga wannan zaman tafin ba ya kaiwa. Sai ya bar tsirkiya ta yi ta kuka har ya mayar mata da farce ya tsayar da ita.

Wata Laraba ina shanya a bayan gida na ji rediyo ya sako tsohon faifan Clovis. Har na ce a raina, Allah sarki, suna tunawa da shi. Na shigo in ƙara murya, na tarar rediyon a kashe. Orval ne a falo, ya ba ni baya, ya ranƙwafa, ya karkatar da kai hagu yadda Clovis yake yi. Na tsaya riƙe da kwandon kaya, na kasa kiran sunan mijina, don ina tsoron wanda zai waiwayo.

Na san akwai dalili. Duk wanda ya ɗaga wuyan hannu haka dole ya karkata kai kafin ya ga yatsunsa. Na faɗa wa kaina hakan sau ba adadi, bai rage mini komai ba. A kan tebur ya koma riƙe kofi da wuyan hannu a sama, ƙaramin yatsa a kafe kan katako. A coci ya kama hannuna lokacin addu'a, na ji riƙon ba irin wanda na sani ba ne.

Ita kuwa Mama Opal, kowace Asabar 'yar ƙanwarta ta kawo ta, ta zaunar da ita a kujerar gaba. Ta rufe idanun da dama ba sa gani, ta haɗa hannu a cinya, ba ta motsi har a gama. Ban taɓa jin haushinta ba, mutuniyar kirki ce. Amma wata ɗaya ya zama biyu, ya zama biyar, har auduga ta yi fari a gona. A kanti mutane su tare ni suna cewa, "Verna, ai Clovis bai mutu ba!" Suna jira in yi godiya. Ni kuwa abin da nake so kawai in sake jin mijina.

Wata Asabar da safe na kwance jitar Clovis da kaina, na sa ta a akwati, na tura ƙarƙashin gado. Na jawo ta Orval daga bayan ƙofa, ƙura ta rufe ta.

"Yau taka za ka ɗauka."

"Verna, Mama Opal fa..."

"Mama Opal ta yi shekara arba'in tana jin nata mijin. Ni nawa nake nema, Orval. Ko sai na je wurin Hoyt na roƙi alfarma ni ma?"

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗauki filaya ya mayar da faratan yadda suke a da. Muka kama hanyar zauren.

Na zauna kusa da Mama Opal. Jar fitilar rediyo ta kama, Hoyt ya gaisa da masu sauraro, aka fara. A waƙar farko na ga Orval ya kwantar da hannu ƙasa, ya sauke tafi, ya yi tuntuɓe sau biyu. Don murna na ce a raina, ga Orval ɗina nan tafe. Da aka zo inda ake barin jitar feda ta yi magana ita kaɗai, sai na ga wuyan hannun yana tashi a hankali. Ƙaramin yatsan ya miƙe yana lalube a kan fenti mai sheƙi, ya sami wuri ya kafe. Kansa ya karkata hagu. Kukan nan mai tsawo ya cika zauren, daga jitar da ban taɓa jin ta yi kuka ba.

Da aka tashi, Mama Opal ta lalubo hannuna, fuskarta sharkaf da hawaye.

"'Yata, jitar nan ta Clovis ba ta taɓa yin daɗi irin na yau ba. Ki ce wa mijinki ya riƙe ta, na bar masa."

Na ce to, Mama.

A mota Orval ya sa makulli bai murɗa ba. Ya ɗora hannun dama a kan sitiyari yana juya shi, ya duba baya, ya duba tafi. Ni ma na duba. Hannun nan ne dai, da tabonsa na wayar shinge.

"Na nemi hannuna na da, Verna," ya ce. "Wallahi tun daga waƙar farko nake nemansa. Ban tuna inda nake ajiye shi ba."