Hucin Sif ɗin Barira

Ranar da aka gama jeren ƙanwata Barira, Gwaggo Lami ta ba ni makullin ɗakin ta ce in goge kayan, amma kada in buɗe taga, don ƙamshin turaren wuta ya zauna har jibi da za a kawo amarya. Na shiga da tsumma. Gado fari, sif mai ƙofa shida, komai sai sheƙi yake. Ni kuwa lokacin nawa auren, tsohon gadon Kaka na maɗaci aka wanke aka kai mini. Ina gogewa wani abu yana cin ƙirjina. Idona ya fara yaji, kaina ya yi nauyi, ga zafin azahar. Na zauna na jingina da sif.

Sai ƙofarsa ta buɗe, na faɗa ciki.

Daji ne, amma bishiyoyinsa falle-falle suke kamar alluna, ba reshe, ba tsuntsu. Duk wadda na leƙa sai in ga fuskar Barira a inda tawa ya kamata ta fito.

Wani abu ya taho yana ƙara. Gadona ne, yana tafiya da ƙafa huɗu, yana ɗingisa ta wajen da nake sa masa bulo. Da muryar Kaka ya ce, "Hau, Shatu."

"Ba zan hau ba. Kai ka sa ƙawaye ke mini dariya."

"To, 'yar nema, biyo ni a ƙasa."

Muka isa wani kogi mai kauri, ruwansa gam ne zalla. Wasu mata da aka yi da garin katako suna shiga, suna fitowa a daskare, an ɗaura musu zani mai ƙyalli. Duk sanda suka yi numfashi sai wani zare rawaya ya fito ta gefen zanin. Na sunkuyar da kai na gaishe su.

Ɗaya ta ce, "Da can bishiyoyi ne mu. Aka niƙe mu, aka kwaɓa da gam, aka danne. Gam ɗin nan muke ta huci."

Na ce, "Me zai sa ku daina?"

"Iska. A bar mu a inuwa mu huce, a shafe mana gefen da kafinta ya bari tsirara. In kuwa aka kulle mu da mutum, da shi za mu raba."

Kogin ya miƙe ya zama ɗaki. Ga Barira a tsakiyar farin gado, hannu sha da lalle, ƙirjinta yana ƙara kamar fito, irin na lokacin da asma ke tasar mata muna yara. Zaren nan yana naɗe mata wuya a hankali, ita kuma tana murmushi, ta ɗauka sarƙa ce. Taga na rataye a sama ba bango, sakatarta a hannuna.

Abin da ke cin ƙirjina ya fito. Gara ce, girmanta ya kai kaza. Ta hau kafaɗata ta ce, "Bar ta. Ba ita ta samu farin gado ba? Kina magana ma za su ce baƙin ciki kike."

Na dubi gadona. Ya ce, "Haka za su ce."

"To in yi yaya?"

Ya tsaya cak, ya koma kamar kowane gado.

Barira ta ɗago da ƙyar. "Yaya Shatu, kayana sun yi kyau?"

"Sun yi," na ce, bakina ya cika da ɗaci. Garar ta cije ni. Na ja sakata.

"Shatu! Wa ya aike ki?"

Na farka a tsaye, tagogi duk a buɗe. Gwaggo Lami tana bakin ƙofa riƙe da kasko. Ni da ban taɓa kallon idonta ba, na ji bakina yana cewa, "Gwaggo, kayan nan wari suke fitarwa. Barira ba za ta iya kwana a nan ba."

"Baƙin ciki dai! Tun ranar da aka sauke su na ga idonki."

"Ina yi, Gwaggo. Amma a fitar da su su sha iska."

Ta buɗe baki za ta zage ni, sai tari ya sarƙe ta. Ta ajiye kaskon, ta murza idonta da gefen mayafi, ta daɗe tana kallon sif ɗin. A kafaɗata, wurin cizon yana ta zafi.