Ba a Kira Ni Ba

Hadijatu na tsaka da kwashe tuwo aka shiga buga ƙofa kamar za a ɓalla ta. Ta ajiye mara, ta ja mayafi ta rufe tsohon cikinta, tana cewa a ranta in dai mai kawo ruwan gora ne, yau sai ya ji babu daɗi. Da ta buɗe sai ta ga Judith ce, Baturiyar da ƙofarta ke kallon tasu, ba ko takalmi a ƙafarta, takunkumin fuska na reto a kunne ɗaya.

"Don Allah zo ki ji," in ji Judith da Turanci. "Babana ya fara magana, amma ban gane ko kalma ɗaya ba. Ina jin yarenku ne."

Sun kusa shekara biyu suna maƙwabtaka a wannan dogon bene na unguwar Al Nahda, a ƙasar Larabawa. Judith malamar makaranta ce, ta ɗauko mahaifinta, Mista Colin, daga Ingila bayan rasuwar mahaifiyarta. Tsohon ya yi fiye da shekara ashirin yana ɗan majalisar dokoki, yana wakiltar wani gari na masu haƙar kwal. Sanda, mijin Hadijatu, ya daɗe bai yarda da wannan labari ba.

"Ɗan majalisa da ledar shara a hannu?" ya kan ce. "A wajenmu ko kansila ya wuce nan."

Amma halin yana nan. In lif ɗin hawa benen ya lalace, Mista Colin ne zai ɗauki sandarsa ya sauka wajen masu kula da gidan, ya yi magana da yawun kowa, har da waɗanda ba su aike shi ba. Ran da ya ji Hadijatu na yi wa 'yan matanta uku faɗa da Hausa, sai ya tsaya ya ce, "Sannu." Ya shaida mata a Bukuru aka haife shi, lokacin babansa na aikin kuza, kuma wata mata da suke kira Iya ita ta raine shi. Yana ƙaramin yaro aka mayar da shi Ingila. Duk Hausarsa ta zube, in ji shi, wannan sannun kaɗai ta rage.

Sai ga ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a farkon zafin 2021. Baki ya rufe. Likitoci suka ce sun yi iyakar yinsu, Judith ta dawo da shi gida.

Hadijatu ta same shi a gado kusa da taga, ya rame, yana ta ƙoƙarin dafa katifa da hannunsa mai lafiya don ya miƙe. Ya ɗaga kaɗan, ya koma. Ya sake ɗagawa.

"Ba a kira ni ba," in ji shi.

Hadijatu ta matso kusa. Hausa ce tsaf, ba gargada, irin ta yaran da.

"Baba, wa zai kira ka?"

"Ba a kira ni ba," ya sake cewa, idonsa na kan bango.

Ta fassara wa Judith. Judith ta zauna a bakin gadon ta riƙe kai. Can ta ce ta gane tashin da zaman. A majalisarsu, in ji ta, mutum ba ya buɗe baki sai shugaban majalisa ya kira sunansa. Sai dai ka yi ta miƙewa kana zama har idonsa ya faɗo kanka. Tun tana yarinya take ganin babanta a talabijin yana wannan, can a kujerun baya.

"A talabijin na fi ganin sa," in ji ta. "Matsalar kowa a garin nan ya saurare ta, ban da tamu. Yanzu kuma yana da magana, Turancin ya tafi."

Ta miƙe, ta gyara murya, ta kira shi da cikakken sunansa kamar yadda ake yi a can. Tsohon ko waiwaye bai yi ba.

Abin ya tsaya wa Hadijatu a rai, kuma ta san dalili. Bara, lokacin da annoba ta sa aka dakatar da jirage, mahaifinta Malam Muhyiddeen ya rasu a Kano. An ce ya yi ta tambayar ta, wai akwai abin da zai gaya mata. Har yau ba ta san mene ne ba. In tana wanke-wanke abin ya faɗo mata, sai ta bar famfo yana ta zuba. Ba ta so wata 'ya ta ɗauki irin wannan kaya, ko da Baturiya ce.

Ta mayar da gidan Judith wurin zuwanta. Ta dama kunun gyaɗa ta kai, tsohon ya kurɓa ya ce ba tsami. Hausar tasa ta ɗakin girki ce, a bakin mata ya koye ta, don haka kowa mace ne a wurinsa. Ran Juma'a, da Sanda ya samu hutu daga aikin kwantena a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali ya leƙo gaisuwa, Mista Colin ya dube shi sama da ƙasa.

"Ke, kin ci abinci?"

"Habibi, da gemun nawa?" in ji Sanda. "Na ci, Baba. Allah ya ƙara sauƙi."

Aka yi dariya, har Judith da ba ta san abin da ake wa dariyar ba. Amma jikin yana ta baya. Kunun ma ya rage sha, tashin da zaman kuma bai fasa ba. Hadijatu ta durƙusa kusa da kunnensa ta tambaye shi yaya sunansa. Ya harare ta.

"Kin sani mana, Iya."

To ga shi an mayar da ita Iya, suna kuwa ba ta sani ba. Ta gwada Bature, ta gwada Ɗan Fari, har Jatau ta gwada. Shiru.

Washegari da la'asar suna zaune a falon Judith suna shan shayi, Sanda na ciki wajen tsohon. Hadijatu ta tambaya ko akwai danginsa da ya kamata a sanar.

"Babu wanda ya rage," in ji Judith. "Yayyensa mata uku ne, duk sun rasu. Shi kaɗai ne namiji, shi ne kuma na ƙarshe."

Hadijatu ta dire kofin har shayin ya fantsama. Tun da cikin nan nata ya fito, duk wayar da surukarta za ta yi daga Kano da addu'a ɗaya take rufewa, Allah ya kawo mana Tanko. Namijin da ya zo bayan jerin mata, wace tsohuwar Bahaushiya ce za ta kira shi da wani suna daban?

"Tashi," ta ce. "Yalla, tashi. Ke za ki kira shi, ba ni ba."

A bakin ƙofar ɗakin ta koya mata. Judith ta ce "Tango," Hadijatu ta ce a'a, ta sake. Suka shiga. Judith ta tsaya a ƙarshen gadon.

"Tanko."

Tsohon ya juyo da kansa.

"Na'am."

Ya dafa katifa. Wannan karon Sanda ya sa hannu a hammatarsa ya ɗaga shi, ya tsaya da ƙafafunsa, yana jingine da kafaɗar Sanda. Ya gyara wuyan rigar barcinsa da yatsu biyu. Ya dubi Hadijatu, ya nuna Judith da haɓa.

"Iya, ga yarinyata."

Hadijatu ta fassara.

"Tana da hankali. Ita ke ba ni ruwa." Ya numfasa. "Na tafi yawo, na daɗe. Ta yi ta jira a bakin ƙofa. Na gan ta. Ban shigo ba."

Hadijatu na mayarwa da Turanci, hawaye na bin fuskarta, ba ta ko share ba.

"Kada ki yi mata faɗa, ni ne. Ki ce ta yi haƙuri."

Judith ta kama hannun Hadijatu ta matse. "Me zan ce masa? Yaya ake cewa?"

"Ki ce, ba komai, Baba."

"Ba komai, Baba," in ji Judith. Ta sake faɗa, ta kuma sake.

Tsohon ya gyaɗa kai kamar wanda aka amince da ƙudurinsa.

"Na gama," in ji shi.

"Khalas, shi ke nan," in ji Sanda a hankali, ya zaunar da shi. Daga ranar bai sake yunƙurin miƙewa ba. Ya yi kwanakin da suka rage masa yana barci da farkawa, hannunsa cikin na 'yarsa. Wata safiya, ana sauke yara zuwa motar makaranta, rai ya yi halinsa. Hadijatu ta yi kuka sosai, kuma ta san ba na mutum ɗaya take yi ba. Abin da ya ba ta mamaki shi ne da ta gama, sai ta ji ƙirjinta ya yi sauƙi.

Judith ta raka gawar Ingila. Ta dawo da labarin yadda tsofaffin masu haƙar kwal suka cika coci har waje, wasu a keken guragu, kowa na faɗin abin da ya taɓa yi masa. Sanda ya ji, ya ce to yanzu ya yarda ɗan majalisa ne.

Bayan babbar Sallah Hadijatu ta haihu, namiji. Aka sa masa sunan mahaifinta, Muhyiddeen. Ita kuwa ba za ta iya kama sunan babanta a bakinta ba, dole a nemi na kira, kuma ba a sha wahalar nema ba: Tanko.

Da jaririn ya yi ƙwari, in Judith ta taso daga makaranta ta kan ƙwanƙwasa, ta ajiye jakarta a bakin ƙofa. Hadijatu ta ɗora mata shi a baya, ta ɗaura zanin, ta ƙara jan kullin don har yanzu Baturiyar ba ta iya ba. Sai ta koma wajen tukunyarta ta bar ƙofa a buɗe. Daga nan tana jin takun Judith, daga lif zuwa taga, daga taga zuwa lif, tana kiran sunan a hankali.